Ku Tambaya: An kwashe min hoto a intanet, ya zan yi?

Masu karatu barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kamar an haɗa baki, kowa kukan hotonsa yake ko zanensa, wani an kwashe masa, wani an goge masa suna, wata kuma tsoro ma ya hana ta ɗora komai. Na tsamo waɗanda aka fi maimaitawa, wasu na datse su saboda fili, masu su su yi haƙuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne, akwai wani hoton faɗuwar rana da na ɗauka na sa a Instagram, kawai ranar nan abokina ya turo min sikirinshot ashe wani kamfani ya sa shi a tallansa, ba sallama ba komai, ko sunana babu. Da na yi musu magana wai ai a Google suka gani, kuma wai tunda ban yi rajista ba ba ni da ta cewa. Dan Allah haka ne? Abin ya ƙona min rai wallahi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba haka ba ne, ko dai ba su sani ba, ko kuma sun sani sarai suna so ne su raina maka hankali ka haƙura. Haƙƙin mallakar hoto naka ne tun daga lokacin da ka danna kyamara hoton ya zauna a memori, ba sai ka cike fom ba, ba sai ka sa alamar © ba, ba sai wani ofishi ya buga maka hatimi ba. Wannan ba ra'ayina ba ne, yana cikin yarjejeniyar Berne da aka ƙulla tun 1886 a ƙasar Suwizalan, wadda yanzu ƙasashe sama da 180 suke ciki, hukumar kare haƙƙin fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WIPO, da ke Geneva ce ke kula da ita, kuma ƙashin bayanta shi ne ba a gindaya wa mai aiki sharaɗin rajista kafin a kare masa aikinsa, sannan duk ƙasar da ke ciki dole ta kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗan ƙasa. Zancen "a Google muka gani" kuwa abin dariya ne, Google nuna hanya kawai yake yi zuwa inda hoto yake, bai mallaki hoton ba balle ya yi kyauta da shi.

Toh yanzu abin yi. Kar ka fara da zagi a kwamen, kar ma ka sake yi musu magana sai ka gama tara shaida, don da sun ga ka taso da gaske abu na farko da za su yi shi ne su goge tallan su ce yaushe aka yi haka. Ka yi sikirinshot na shafin gaba ɗaya yadda adireshin zai fito da kwanan wata, ka kwafe link ɗin ka ajiye, in a allon talla ne ko a jikin kaya ka je ka ɗauke shi a hoto. Sai ka koma ɓangarenka ka nemo asalin fayil ɗin, in kana ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil yadda ya fito daga kyamara ba a taɓa shi ba, to ka gama da su, don wanda ya saci hoto a intanet ƙaramin JPEG ne kawai a hannunsa, kai kuwa kana da babban, kana da waɗanda ka ɗauka kafinsa da bayansa a wuri ɗaya da minti ɗaya, har da wanda ya karkace da wanda ya yi duhu, ga bayanan EXIF a ciki masu nuna irin kyamarar da ranar da lokacin. Waɗannan munanan hotunan da mutane ke gogewa don su samu fili, su ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi, shi ya sa nake cewa a rage saurin dilit.

In shaida ta kammala sai ka yanke me kake so, kuɗi ko a sauke. In kuɗi ne ka rubuta musu imel cikin mutunci, ga hotona, ga inda kuka sa shi tun ranar kaza, ga abin da nake karɓa na lasisin irin wannan amfani, ku biya kafin ranar kaza ko ku sauke mu yi maganar wanda kuka riga kuka ci. Za ka yi mamakin yadda wasu ke laushi in sun ga takarda a tsare. In kuma saukewa kawai kake so, Facebook da Instagram da YouTube da X duk suna da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, tushensa wata dokar Amurka ce ta 1998 da ake kira DMCA, wadda ta ce in kamfanin da ke ɗauke da abin yana son kar a haɗa da shi a ƙara to ya sauke da zarar mai haƙƙi ya kawo sahihin ƙorafi, kuma cike fom ɗin ba ya bukatar rajista. Ka dai sani wanda ka kai ƙorafinsa yana iya musantawa a rubuce, in ya yi haka kai kuma ba ka shigar da ƙara kotu ba cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14 ana iya mayar masa da abin, sannan sau da yawa ana tura masa sunanka da imel ɗinka, don haka ka sa imel na aiki.

Kuma kar girman kamfani ya tsorata ka. Daniel Morel ɗan ƙasar Haiti ne, ya ɗauki hotunan girgizar ƙasar Janairun 2010 ya sa ta Twitter, wani ya kwafa, kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauka ya raba, Getty Images ma ya raba, a 2013 kotu a New York ta ce su biya shi dala miliyan 1.2 a kan hotuna 8. Ba kowa zai samu irin wannan ba, shi ma sai da ya yi shekaru yana shari'a, amma dai an tabbatar cewa ɗora hoto a fili ba sadaka ba ce.

Tambaya: Malam to in dai haƙƙin yana zuwa da kansa, meye amfanin rajistar da ake ta cewa a yi? Ko dai cin kuɗin mutane ne kawai? Ni mai zane ce a kwamfuta, kwastomomina yawanci 'yan waje ne.

Amsa: 'Yar'uwa tambayarki ta yi ma'ana. Haƙƙi daban, iya karɓo shi daban, rajista ta ɓangare na biyun ce. A wasu ƙasashen ma babu ita kwata-kwata, Ingila misali ba ta da ofishin gwamnati na rajistar haƙƙin mallaka, don haka duk shafin da ya ce zai yi miki "rajistar duniya" ya ba ki satifiket mai zinare-zinare, ki sani ɗan kasuwa ne yake sayar miki da shaidar kwanan wata, babu wani ofishi guda da ke yi wa duniya gaba ɗaya rajista, WIPO ɗin ma ba ta yi. Wasu ƙasashen kamar Kanada da Indiya da Sin da Najeriya suna da tsarin da mutum zai kai aikinsa a rubuta in ya ga dama, amfaninsa shi ne ranar da rigima ta tashi kina da takardar hukuma mai kwanan wata a hannu.

Inda rajista take da haƙori na gaske Amurka ce, kuma tunda kin ce da 'yan waje kike hulɗa ki buɗe kunne. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka yana karɓar rajista daga kowa ta intanet ko ba ɗan ƙasar ba ne. Ɗan Amurka ba zai iya kai ƙara ba sai ofishin ya gama aiki a kan takardarsa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2019, aikin da aka fara fitarwa a wata ƙasar kuma ana iya kai ƙara a kansa ba rajista, amma fa a nan gizo ke saƙar, in ba rajista abin da za ki samu shi ne ainihin asarar da kika iya nunawa da ribar da ɓarawon ya ci, wanda sau tari bai kai kuɗin lauya ba. In kuwa kin yi rajista a kan lokaci, doka ta yanka diyya daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki ba sai kin lissafa asara ba, in an nuna da gangan aka yi tana iya kaiwa 150,000, kuma alƙali na iya ɗora wa wanda ya sha kaye kuɗin lauyanki. Wannan ne ya sa lauyoyin can tambayar farko da suke yi ita ce kin yi rajista, yaushe.

"A kan lokaci" ɗin nan shi ne inda mutane ke faɗuwa. Ana nufin kafin a fara satar, ko cikin wata 3 da fara fitar da aikin. In sai da kika ga zanenki a jikin riga ana sayarwa sannan kika ruga yin rajista, bayan wata ukun sun wuce, to waccan babbar diyyar ta wuce ki a kan wannan satar, ba a fafe gora ranar tafiya. Masu hoto an sauƙaƙa musu, suna iya haɗa har hoto 750 a takarda ɗaya, sai dai ba a cakuɗa waɗanda aka fitar da waɗanda ba a fitar ba, kuma waɗanda aka fitar su zama na shekara ɗaya. Ku masu zane kuma kuna iya haɗa ayyuka har 10 da ba a fitar ba tukun, saboda haka dabarar ita ce ki tara, ki yi rajista, sannan ki saki. Tun 2022 kuma akwai wata 'yar ƙaramar hukumar sauraron ƙorafi a ƙarƙashin ofishin da ake kira CCB, komai ta intanet ake yi ba dole sai da lauya ba, iyakar abin da take yankewa dala 30,000, matsalarta wanda ake ƙara sai mazaunin Amurka kuma yana da damar cewa bai yarda a yi a can ba.

Ni a ganina ba kowane zane ne ya cancanci wannan wahalar ba. Wanda kika san shi ne ke kawo kuɗi, ko wanda kika ga alamar zai yaɗu, shi za ki yi wa. Sauran ki riƙe asalin fayil ɗinki mai leya-leya, wanda kowane ɓangaren zanen yake a ware, da zanen gwaji na farko, ki ajiye kwafi a wuri biyu.

Tambaya: Salam. Ni matsalata da wotamak ce, wato tambarin suna da ake sawa a jikin hoto, in na sa sunana a tsakiya hoton ya yi muni mutane su ce na ɓata shi, in na sa a gefe a yanke, jiya ma na ga wani ya goge nawa tas ya sa nasa a wurin. Anya abin nan yana da amfani kuwa? Ko in daina?

Amsa: Kar ka daina ƙanina, ka dai rage abin da kake tsammani daga gare shi. Tambarin nan kamar shaidar da ake yi wa saniya ce, ba ta hana ɓarawo kora, amma tana sa ya sha wahala wajen sayarwa kuma duk wanda ya gani ya san ta wane ce. Yawancin masu ɗaukar hoton mutane ba gwanayen sata ba ne, ragwaye ne kawai, in suka ga suna sai su wuce su nemi wanda ba shi da shi, wasu kuma su yaɗa shi da sunan naka a jiki, wanda wannan talla ce ta kyauta, hoto zai yi yawo a guruf-guruf na WhatsApp ya rabu da duk rubutun da ka yi a ƙasansa, abin da ke jikinsa kaɗai ke binsa. Saboda haka abin da za ka rubuta ya zama wanda za a iya nemo ka da shi, sunan shafinka ko adireshinka, ba wani sa hannu mai lanƙwasa da ko kai sai ka ƙura ido kafin ka karanta ba.

Maganar gogewa kuma gaskiya ce, kuma kullum ƙara sauƙi take. Tun 2017 masu bincike na Google suka nuna cewa in tambari iri ɗaya ne sak a kan hotuna da yawa, kwamfuta na iya kwatanta su ta gano siffarsa ta cire shi ba tare da hannun mutum ba, shawarar da suka bayar ita ce a riƙa ɗan murɗa siffar tambarin daga hoto zuwa hoto. Yanzu kuwa wayar hannu ma tana da abin goge abu da yatsa. Abin da na lura shi ne gogewa ta fi sauƙi in sunan yana kan fili mai launi ɗaya, sararin sama ko bango ko farin gefe, nan ko yaro zai share. Ka ɗora shi inda akwai tarkace, kan gashi, kan saƙar tufa, kan ganye, ko ya ɗan hau gefen ainihin abin da aka ɗauka yadda in an yanke shi an yanke hoton, ka rage masa kauri ya zama shara-shara ana ganin abin da ke bayansa. Wasu suna sa biyu, ɗaya a bayyane a ƙasa, ɗaya ɗan mitsitsi a ɓoye cikin inuwa inda su kaɗai suka sani, ɓarawo ya goge na fili ya saki jiki, ranar gardama sai ka ce a zuƙo kusurwar hagu. Wannan dabarar tana burge ni.

Kuma ka raba hotunanka gida biyu. Wanda kake tura wa kwastoma ya zaɓa kafin ya biya, wannan ka lafta masa tambari a tsakiya har da maimaitawa, ba kunya, ba don ado ka tura ba. Wanda kake nuna gwaninta da shi a shafinka kuma ɗan ƙarami ya isa. Abin da ya fi tambarin ma kariya shi ne kar ka taɓa sakin babban fayil, hoto mai faɗin fiksel 1080 yana kyau a waya amma in za a buga shi da kyau a takarda wajen inci uku da rabi kawai zai kai, ko da yake manhajojin ƙara girman hoto sun fara rage ƙarfin wannan dabarar, duk da haka asalin yana hannunka.

Shi kuma wanda ya goge naka ya sa nasa, ya ƙara wa kansa laifi ne. Yarjejeniyar WIPO ta 1996 ta wajabta wa ƙasashen da suka sa hannu su hukunta mai cire bayanan mai haƙƙi daga jikin aiki, a dokar Amurka kuma wannan laifi ne mai zaman kansa, dala 2,500 zuwa 25,000 kowane ɗaya in an nuna ya yi ne da sani don ya ɓoye sata. Ko ba a je kotu ba, mutumin da ya zauna ya goge suna ba zai dawo ya ce ai ban san yana da mai shi ba. Ka ajiye naka mai suna da nasa gefe da gefe a sikirinshot ɗaya.

Sai abin da mutane da yawa ba sa yi alhali kyauta ne, cike bayanan cikin fayil. A Lightroom ko Photoshop, kai har a menu na kyamarori da yawa, akwai wurin rubuta sunan mai hoto da bayanin haƙƙi da hanyar tuntuɓa, ana kiransu bayanan IPTC, sau ɗaya za ka saita ya riƙa shiga kowane hoto. Tun 2018 Google yana nuna sunan mai hoto daga waɗannan bayanan a sakamakon bincike. Illarsu kafofin sada zumunta suna kankare yawancinsu lokacin ɗorawa, sikirinshot kuma ba ya ɗauko su sam. Akwai kuma tambarin da ido ba ya gani, wanda ake saƙawa cikin fiksel ɗin hoton kansa irin na kamfanin Digimarc, da sabon tsarin C2PA da su Adobe da Microsoft da BBC suka kafa a 2021 mai liƙa wa hoto tarihinsa, kyamarar Leica M11-P ta 2023 ce ta fara fitowa da shi. Waɗannan na masu babban aiki ne. Kai dai ka saba da jefa manyan hotunanka a Google Lens ko TinEye, masu binciko inda hoto yake a intanet, lokaci-lokaci ka ga inda suka kwana.

Tambaya: Malam na ga ana yaɗa wani rubutu wai ka kwafa ka sa a shafinka cewa ba ka yarda Facebook ya yi amfani da hotunanka ba. Na sa. Ya wadatar?

Amsa: Hajiya ki goge shi kawai, ba ya aikin komai, shekara da shekaru yana zagayowa. Ranar da kika buɗe akawun kika danna kin yarda, kin ba su lasisin ajiye hotonki da nuna shi da rarraba shi a dandalinsu, mallaka dai tana hannunki ba su karɓe ba, kuma fostin ba ya warware yarjejeniya. Haka masu rubuta "haƙƙin na mai shi ne" a ƙasan hoton da suka ɗauko, ko su yi wa mai shi tagin su ɗauka sun fita, ambaton suna ladabi ne amma ba izini ba ne.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ɗauki hotunan wani taro an biya ni, yanzu mai taron ya ce kar in kuskura in sa ko ɗaya a shafina tunda ya biya nasa ne, har ya ce in ba shi RAW. Waye mai gaskiya?

Amsa: Nan kam sai an duba dokar inda kake, don ba a haɗu a kai ba. A Amurka da Ingila mai ɗaukar hoto mai zaman kansa shi ke da haƙƙin ko da an biya shi, kwastoma ya sayi aikin da kwafin ne, haƙƙin ba ya komawa hannunsa sai da takarda mai sa hannu. A Indiya kuma in an biya ka ka ɗauka to na wanda ya sa ka ne sai in kun yi wata yarjejeniyar, Ostireliya ma haka take a hotunan harkar gida da iyali. In kuwa ma'aikaci ne kai mai albashi kuma ɗaukar hoton aikinka ne, galibi na wurin aikin ne.

Amma Malam ko da dokar tana bayanka, mallakar hoto daban, fuskar mutane daban. A Ingila ɗin ma wanda ya sa aka ɗaukar masa hoton harkar gidansa yana da damar hana a baza shi duk da haƙƙin na mai kyamara ne. Mutum ya ce kar ka sa iyalinsa a intanet, ka bar shi mana, hoto nawa ne. Abin da zai raba ku da wannan rigimar nan gaba shi ne rubutu kafin aiki, ko layi biyar ne a WhatsApp ya amsa da na yarda: hoto nawa za ka ba shi, me zai yi da su, kana iya nuna wasu a shafinka ko a'a, RAW yana ciki ko da kuɗinsa daban. Ni dai ba na ba da shawarar sakin RAW haka nan, in ka bayar ka ba da babbar shaidarka.

Tambaya: Ni mai zane da fensir ne, nakan ɗauko hoto a intanet in zana shi in sayar. An ce min in dai na canza kashi 30 cikin ɗari ya zama nawa. Haka ne?

Amsa: Wannan kashi 30 ɗin ba ya cikin doka ɗan'uwa, zancen baka ne. Kai da ke tsoron a sace naka, ka ga yanzu kai ne a ɗaya ɓangaren. Zana hoton wani sak, tsayuwar da hasken da komai, sarrafa aikinsa ne, kuma izinin haka na mai hoton ne. In don koyo ne a littafinka ba mai bin ka, sayarwa da bugawa ne ke jawo magana. Ka dubi shari'ar Andy Warhol, duk sunansa a duniyar zane. Wata mai ɗaukar hoto, Lynn Goldsmith, ta ɗauki hoton mawaƙi Prince a 1981, Warhol ya yi zane-zane a kansa, bayan rasuwar mawaƙin a 2016 gidauniyar Warhol ta ba wata mujalla lasisin ɗaya daga ciki ba a biya mai hoton ba, a 2023 Kotun Ƙolin Amurka da alƙalai 7 cikin 9 ta goyi bayan mai hoton. Mafita mai sauƙi ce, ka ɗauki hoton da kanka, ko ka tura wa mai shi saƙo, da yawa za su yarda in za ka ambace su, ko ka nemi masu lasisin Creative Commons amma ka karanta wane iri ne, mai alamar NC ba a kasuwanci da shi, mai ND ba a sarrafa shi. Salo kuwa ba na kowa ba ne, kana iya koyon yadda wani ke jan layi da haɗa launi ka yi naka.

Tambaya: Yaya ni tsorona AI ne, an ce suna kwashe zanen mutane suna koya wa na'ura. Wotamak zai hana? Kuma in na haɗa hoto da AI zan iya yi masa rajista?

Amsa: Ƙanwata tambari ba ya hana na'ura kwasa, hasali ma an sha ganin hotunan AI suna fitowa da wani gurɓataccen abu mai kama da tambari a jiki, alamar da shi aka haɗiye. Ko kwasar halal ce a doka ko a'a, masu zane da kamfanonin hoto sun kai ƙara a Amurka da Ingila tun 2023. Abin da ke hannunki yanzu, masu bincike a Jami'ar Chicago sun fitar da manhaja kyauta mai suna Glaze a 2023, tana yi wa zane wasu 'yan sauye-sauye da ido bai cika lura ba don ta rikita na'urar da ke son kwaikwayon salonki, daga baya suka ƙaro wata manhajar mai suna Nightshade. Su kansu ba su ce maganin dindindin ba ne, kuma a zane mai launi shimfiɗaɗɗe wani lokacin ana ganin ɗan dabbare-dabbaren, ki gwada a kan guda ɗaya ki gani kafin ki bi duka. Ki kuma leƙa saitin duk dandalin da kike ɗora aiki, wasu suna da wurin kashe amfani da kayanki wajen koyar da AI.

Ta biyun kuma, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka matsayinsa a fili yake, sai abin da ɗan'adam ya ƙirƙira ake yi wa rajista, kotu ta tabbatar da haka a 2023 a shari'ar Stephen Thaler, wani da ya nemi rajistar hoton da AI ɗinsa ya yi shi kaɗai, kotun ɗaukaka ƙara ta sake tabbatarwa a 2025. Tun kafin AI ma an yi irin wannan da wani biri a Indonesiya da ya danna kyamarar wani mai ɗaukar hoto, David Slater, a 2011, har aka kai ƙara da sunan birin, kotu ta ce dabba ba ta da wannan damar. In kin haɗa hannunki da na na'ura, ɓangaren da ke naki ne ake karewa, kuma wajen cike fom dole ki bayyana wane ɓangare AI ya yi, in kika ɓoye aka gano ana iya soke rajistar. Don haka ki riƙa ajiye matakan aikin tun daga zanen farko, in manhajarki tana naɗar bidiyon yadda kike zanawa kamar Procreate ki bar shi a kunne.